Kawu, in ce wa Umma Legas zan je sari?

Assalamu alaikum Kawu. Ni matashi ne ɗan shekara 27, ina gyaran waya a Kano. Tun ina sakandare nake da burin ganin teku da idona, kuma tun ranar da na ga hoton wani ƙaramin garin masunta a Gana mai suna Elmina, mai tsohon ginin nan da aka riƙa tsare bayi a ciki, zuciyata ta kafe a kansa. Shekara biyu ke nan ina ajiye kuɗi a gefe. Niyyata in rataya jakar goyo ɗaya, in bi motocin haya daga Kano zuwa Legas, in ratsa Kwatano da Lome in isa can, mako biyu in dawo. Ni kaɗai, don abokin da muka shirya tare ya janye.

Matsalar ita ce Umma. Da na faɗa mata sai ta yi shiru, can ta ce ba da yawunta ba. Ta ce ƙanin mahaifinta haka ya tafi Kumasi fataucin goro, har yau ko kabarinsa ba a sani ba. Yayana kuma ya ce yawon banza ne, wanda aka sa wa ranar aure bayan Babbar Sallah ina shi ina yawon buɗe ido kamar Bature, in zuba kuɗin a lefe. Alhali lefe na riga na haɗa, wannan kuɗin daban ne. Abin da nake saƙawa yanzu shi ne in ce mata Legas zan je sarin kayan waya kamar yadda na saba, daga can in zarce. Hankalinta a kwance, ni ma na cika burina. Shin akwai laifi a haka? In kuma tafiyar ta yiwu, me zan shirya? Ban taɓa tsallake iyaka ba.

Ɗanka, daga Kano.

Wa alaikumus salam ɗana.

Kada ka yi mata wannan ƙaryar. Bari ma mu ajiye maganar zunubi tukuna, mu dubi ƙaryar a matsayin dabara, don ko a nan ba ta da ƙafa. Kai mai gyaran waya ne, ka fi ni sanin cewa ranar da ka ari wayar wani ka kira gida, lambar da za ta fito a wayar Umma da 233 za ta fara, kuma akwai ƙanwa a kowane gida da aikinta ke nan, duba lamba. Fasfonka zai dawo da hatimai shafi guda. Hoton da za ka ɗauka a bakin teku ba za ka iya haƙurin ɓoye shi ba, ni na san ku. Amma duk wannan ƙarami ne. Babban abin shi ne ranar da wayarka ta faɗa ruwa, ko zazzaɓi ya kwantar da kai a wani ɗakin haya, gidanku za su bazama neman ka a Legas, suna bin 'yan kasuwar Alaba da tambaya, kai kuwa kana ƙasa ta uku daga nan. Ka sake karanta abin da ta ce game da baffanta. Ba tafiyarsa ce ta fi ci mata rai ba, fatake nawa suka je Gwanja suka dawo da jakuna niƙi-niƙi. Abin da ya zauna mata shi ne labarinsa ya yanke, ba a san inda za a nufa a tambaya ba. To shirin da ka zo min da shi, shi ne daidai abin da take tsoro, ka ɗauko shi da hannunka za ka maimaita mata.

Ta fuskar addini kuwa ba sai na ja ba. Ka san hadisin mutumin da ya zo neman izinin fita jihadi, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambaye shi ko iyayensa na raye, da ya ce e, sai ya mayar da shi gare su. In jihadi ya jira yardar iyaye, ganin teku ai ba ya cikin lissafi.

Sai dai ban ce ka haƙura da tafiyar ba. "Ba da yawuna ba" da uwa ta faɗa a zaman farko, cikin firgici, ba hukuncin ƙarshe ba ne, kuma ina zargin kai ma ba ka iya gabatar da maganar ba. Ka tsaya ka ji kalmominka da kunnenta: saurayi, shi kaɗai, jaka a baya, ƙasar waje, teku. Wace uwa ce a Kano za ta ji waɗannan a jere ba ta tuna da yaran da suka bi ta Agadas zuwa Libiya ba, da kwale-kwalen da ake cewa a rediyo sun kife a Bahar Rum? Kai hoton gari mai itatuwan kwakwa kake gani, ita gawa take gani a bakin ruwa. Kuma akwai wani tsoron da ba ta faɗa ba amma yana da tushe: ana yaudarar samari da sunan aiki a Gana da sauran ƙasashen maƙwabta, in sun je a ƙwace musu waya da takardu a tsare su a gida, a sa su yi ta kiran dangi suna neman kuɗi. Ba ta da hanyar sanin cewa ba irin wannan ce ta kira ka ba.

Saboda haka abin da za ka kai mata shi ne mutum, ba hujja ba. Ka nemi mai masauki. Wannan bai kai wahalar da kake zato ba, don Gana ba baƙuwar ƙasa ba ce ga Bahaushe. Kusan kowane gari a can yana da zango, kuma Hausa ce harshen zango, har ga wanda asalinsa Mosi ne ko Dagomba ko Zabarma. Ka je kasuwar goro ta Mariri ka zauna da dattawa, ko ka tambaya a masallacin unguwarku, da wuya a rasa wanda ke da ɗan'uwa a Kumasi ko a Nima ta birnin Akara. (Tsofaffinmu Ankara suke ce wa Akara, kada ka ji an ce za a haɗa ka da wani a Ankara ka ɗauka Turkiyya za a aika ka.) In ka samu dattijo a can, ka sa ya kira Umma da kansa, ta ji murya mai furfura tana ce mata da Hausa, "Hajiya, ɗanki ɗanmu ne, in ya sauka a hannuna yake." Wannan kira ɗaya ya fi bayanin da za ka yi mata na wata guda. Sannan kada ka koma mata kai kaɗai, ka tafi da wanda take jin nauyinsa, yayanta ko aminiyarta. Ka rubuta a takarda: ranar tashi, garin da za ka kwana kowane dare, lambar mai masauki, ranar dawowa. Ka ba ta a hannu ta sa a ƙarƙashin filo. Ka yi mata alkawarin kira kullum bayan Magariba, ka kuma cika, ko da gaisuwar minti ɗaya ce. Ka tuna agogon Togo da Gana yana bayan namu da awa ɗaya, don kada ta zauna tana kallon waya kai kana ganin da sauran lokaci.

Akwai kuma wani abu da ban so ka mai da shi dabara, amma in da gaske za ka yi, ka faɗa mata. Daga bakin teku zuwa Kumasi tafiyar rabin yini ce. Ka karɓi cikakken sunan baffan nata, da laƙabinsa, da sunan unguwarsu, da kusan shekarar da ya tafi, ka je fadar Sarkin Zango ka tambaya. Kada ka yi mata alkawarin samun komai. A 1969 gwamnatin Gana ta Firaminista Busiya ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasar, mutane suka watse, iyalai suka rabu, wasu suka sauya gari. Amma zango wuri ne da ake riƙe asali, tsoho ɗaya a ƙofar masallaci zai iya lissafo maka Kanawan layinsu na shekara hamsin da suka wuce. Ko jika ka samu, ko kabari aka nuna maka ka yi addu'a, ka dawo wa Umma da abin da babu wanda ya taɓa kawo mata.

In duk ka yi wannan ta ce a'a, to ka ajiye jakarka. Ginin da kake son gani tun 1482 yake tsaye a wurin, ya ga Turawan Fotugal, ya ga na Holan, ya ga na Ingila, ba a bana zai rushe ba. Wataƙila rabonka ka je da amarya ne, kuma uwa takan saki magidanci inda ba za ta saki saurayi ba.

Shi kuwa Yayanka, rabin maganarsa na karɓa. Yawon banza ban yarda ba. Wai kamar Bature? Kafin Bature ya san hanyar Salaga kakanninmu ke bin ta da ƙafa, wata da watanni, da madugu a gaba, suna kai kanwa da turkuɗi suna dawowa da goro. Kuma Allah da kansa ya ce a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ƙarshen na farko ya kasance. Amma inda yake da gaskiya: lefe ba shi ne ƙarshen kashe kuɗin aure ba, shi ne farkonsa. Bayan biki akwai cefane, akwai haya, akwai watan da kasuwa za ta yi sanyi. In tafiyar za ta cinye duk abin da ke hannunka, rage kwanakin. Kuma ita wadda za ka aura ka faɗa mata da bakinka kafin ta ji a bakin ƙawaye.

To, mu ɗauka Umma ta sa albarka. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Biza ba ka buƙata. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ya zauna har kwana 90. Amma wannan ba ya nufin ka tafi hannu rabbana. Ka riƙe fasfo mai sauran wa'adi, da katin rigakafin zazzaɓin shawara, ruwan ɗorawan nan. Ka je a yi maka allurar da gaske a ofishin lafiya da ke bayar da katin, aƙalla kwana goma kafin tashi, don sai bayan kwana goma katin ke fara aiki. Za ka ji ana cewa ana sayen katin a bakin iyaka ba tare da allura ba. Sauron dajin can ba ya karanta kati. Ka yi hoton takardunka ka bar kwafi a gida. Hanyar arewa ta Nijar da Burkina, wadda ta fi kusa da ta fatake, ka bar ta a yanzu saboda tsaro. Ta bakin teku za ka bi.

Kano zuwa Legas ka riga ka sani. Abin da zan ce kawai, kada ka sauka daga motar dare ka faɗa wata. Ka kwana ɗaya a Agege ko Idi Araba wajen mutanenka, jikinka ya dawo. Daga Legas hanya biyu ce. Akwai manyan bas da ke tashi da asuba kai tsaye zuwa Akara, su karɓi fasfon kowa su buga hatimi a madadinku. Akwai kuma bin ƙananan motoci guntu-guntu: zuwa Seme, ka tsallaka da ƙafa, ka hau wata zuwa Kwatano, haka har Aflawo. Ta biyun ta fi arha a baki, kuma ita ce masu jakar goyo ke alfahari da ita. Ni ina ce maka a zuwa ka hau babbar bas. Iyaka uku ce a gabanka, Seme tsakaninmu da Benin, Hilakonji tsakanin Benin da Togo, Aflawo tsakanin Togo da Gana, kowace da teburin fita da teburin shiga, ban da shingayen hanyar Badagiri. Wanda bai taɓa tsallake iyaka ba, ya ga shida a yini ɗaya, biyu daga cikin ƙasashen kuma Faransanci ake yi, zai raina kansa. Ka zauna ta taga ka kalli yadda ake yi. A dawowa, idonka ya buɗe, sai ka bi guntu-guntu ka tsaya inda ka ga dama. Tsawon hanyar bai kai kilomita 500 ba, amma ka ba ta yini cur, iyakoki ne ke cin lokacin.

Karon farko da na bi hanyar da ƙananan motoci, ina sauka a wata iyaka wani saurayi mai tsabta, da biro a aljihu, ya miƙo hannu ya ce fasfo. Na ba shi. Sai da ya yi taku goma na lura ba kaki a jikinsa. Na bi shi a guje da jaka tana dukan bayana, ashe ɗan kamasho ne, ya kai fasfon tagar da ni ma da na kai da kaina, ya dawo ya ce in biya shi ladan aiki. Na biya, don ban da bakin magana. Fasfonka daga hannunka sai hannun mai kaki a bayan teburi. In sun buga hatimi ka buɗe ka duba kwanan wata kafin ka matsa. In aka tambaye ka ina za ka, ka ba da amsa ɗaya gajera, da sunan mai masauki da lambarsa. Za a nemi na goro a wasu wuraren, ka ajiye ƙananan kuɗi a aljihun gaba, kada ka zaro damin a gaban jama'a, kada kuma ka tsaya wa'azin doka da wanda ke riƙe da takardarka. Waya ta zauna a aljihu, ba a ɗaukar hoto a iyaka. Sannan ko wane ne, ko da carbi a hannunsa, ko tsohuwa ce mai kama da Umma, in ya ce riƙe min wannan ƙullin mu tsallaka, ka ba shi haƙuri.

Kuɗi kala uku za ka taɓa: naira, sefa a Benin da Togo, sidi a Gana. Kada ka dogara da katin banki. Ka raba kuɗinka gida uku, na yau a aljihu, na tafiya a cikin jaka, na komawa gida a ɗinke a jikin wando, wannan na ƙarshen ka manta da shi har sai ranar dawowa. 'Yan canjin bakin iyaka da yawansu Hausawa ne, za ka ji daɗin ciniki da harshenka, amma jin daɗin bai hana ka ƙirga a gabansu sau biyu ba. Wani abin da zai ruɗa ka: a 2007 Gana ta cire sifili huɗu daga kuɗinta, amma har yanzu wasu tsofaffin 'yan kasuwa da tsohon lissafi suke magana. In mai ƙosai ta ce maka dubu hamsin, kada ka zabura, sidi biyar take nufi.

Na ce ƙosai, don ba za ka yi kewar abinci ba. Da safe a Akara za ka ga layi a gaban mai koko, wanda su da kansu suke kira kokon Hausa, da ƙosai a gefe. Waakye da ake ji da shi a duk ƙasar, sunansa daga shinkafa da wake ya fito. Tuwon zafi yana nan da sunansa. Kwana ɗaya ko biyu a Akara ya isa, ka yi Juma'a in ta kama a babban masallacin ƙasa na Kanda, wanda aka buɗe a 2021, sannan ka je tashar Kaneshi ka hau motar Cape Coast. Kana fita birnin za ku maƙale a cunkoson wani gari da ake kira Kasoa. Kasuwa ce, tamu, bakin mutanen wurin ya lanƙwasa ta. Kusan kilomita 150 ne zuwa Cape Coast, daga nan tasi ta haɗin gwiwa za ta kai ka Elmina cikin abin da bai wuce rabin awa ba.

Yanzu ga shawarar da na fi so ka riƙe game da garin. Yawancin baƙi awa biyu suke yi masa: su sauka a mota, su zaga ginin, su yi hoto, su wuce. Kai da ka yi shekara biyu kana tara kuɗi, ka ba shi kwana uku. Ka nemi ɗaki mai sauƙi a cikin gari, ka duba gidan sauro da sakata kafin ka biya, ka gai da limamin zango a ranar farko don a san da kai.

Ka tashi bayan Asuba ka je kan gadar da ta ratsa bakin tafkin Benya. Nan ne garin yake. Jiragen katako ɗaruruwa a cushe kamar motoci a Kwari, kowane da fenti kala-kala, da tutocin ƙasashen da masu su ba su taɓa zuwa ba, da rubutun addu'a a gefe. Waɗanda suka kwana a teku suna shigowa ta ƙarƙashin ƙafarka, majiya ƙarfi suna tsalle cikin ruwa har ƙirji suna jan igiya, mata da manyan kwanonin silba a ka suna jira, ana ihu da Fantanci, harshen mutanen garin. Ciniki a hannun mata yake, su ke saye, su ke ƙyafewa a manyan murhuna a bayan gari, hayaƙin zai bi rigarka har Kano. Ƙarnin kifi zai buge ka a ranar farko, a ta biyu ba za ka ji shi ba. Kada ka ɗaga waya a fuskar kowa sai ka gaisa ka nemi izini, sun gaji da baƙi masu ɗaukar su kamar kayan kallo. Kuma ka lura da rana: Talata masunta ba sa fita teku, al'adarsu ce. In ka isa ran Litinin da dare ka fito da safe ka ga jirage a ɗaure, kada ka ce an yaudare ka. A Talatar farko ta watan Yuli ne suke bikin Bakatuwe na buɗe tafkin, gari ya cika, ɗaki ya yi tsada. Mayu da Yuni kuma ruwan sama ne mai ƙarfi.

Ginin kuwa, ka shiga shi da safe kafin ayarin baƙi, ka bi mai yi wa baƙi bayani. Turawan Fotugal zinariya ta kawo su, sunan garin ma daga kalmarsu ta mahaƙa ya samo asali, mutanen wurin Edina suke cewa. Daga baya kayan cinikin suka koma mutane. A 1637 Turawan Holan suka hau tudun da ke fuskantar ginin suka yi ta ruwan igwa har suka ƙwace shi, shi ya sa suka gina wata ganuwar a kan tudun don kada a yi musu abin da suka yi wa wasu. Ka hau can da yamma, duk garin a tafin hannunka yake. A 1872 suka miƙa wa Ingila, shekara ɗaya bayan haka Ingilishi suka ragargaza tsohon garin da ke gindin ginin, filin da za ka gani fayau a wurin gidajen mutane ne a da. A nan kuma suka tsare Sarkin Asante Prempeh na ɗaya a 1896 kafin su kai shi gudun hijira.

Za a shigar da ku ɗakunan ƙasa, inda iska ke shigowa ta ɗan rami, a nuna muku tsakar gidan da ake fito da mata a jera su gwamna yana leƙowa daga bene yana zaɓa, da coci a tsakiyar ginin, da 'yar siririyar ƙofar da ake fitar da mutane ɗaya bayan ɗaya zuwa jirgi. Sai ka karkata kafaɗa kafin ka iya tsayawa a bakinta. Za ka ga baƙaƙen fata daga Amurka suna kuka a wurin. Ka kame bakinka, ka mai da waya aljihu, ba wurin hoton dariya ba ne. Kuma kada ka tsaya a can kana jin kai ɗan kallo ne, labarin wasu. Yawancin waɗanda aka tura ta irin wannan ƙofa daga cikin ƙasa aka gangaro da su, kuma kasuwannin da fatakenmu ke sayen goro, irin su Salaga, ana sayar da mutane a cikinsu. Namu na cikin waɗanda aka sayar, namu na cikin waɗanda suka sayar. Hausawan da aka kai Bahiya ta ƙasar Barazil, har suka yi ta tayar da bore a farkon shekarun 1800, galibinsu ta Wida da Badagiri da Legas aka fitar da su, garuruwan da motarka za ta ratsa. In ka bi guntu-guntu a dawowa, ka tsaya a Wida ko na rabin yini ne. Sojojin Hausa da wani hafsan Ingila mai suna Gulob (Glover) ya fara ɗauka a Legas su ma sun yi wa Ingila yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874, kuma wasu zangunan bakin teku da irin waɗannan sojoji suka fara cika.

Saura teku, kuma a nan ina bayan Umma ɗari bisa ɗari. Ban damu ba ko ka iya iyo a Tiga ko a kududdufin unguwarku. Wannan ruwa daban ne. A gaɓar nan akwai wata igiyar ruwa da ke komawa cikin teku da ƙarfi, kuma sau da yawa inda ka ga ruwan ya fi kwanciya, babu kumfa, nan ne hanyarta. Kana tsaye ruwa iya cinya, yashin ƙarƙashin ƙafarka ya zame, kafin ka ankara gaɓa ta yi nisa. Gwanaye take ci, don su ne ke ƙoƙarin yin iyo su dawo kai tsaye har ƙarfinsu ya ƙare, alhali a gicciye ake fita daga cikinta. Kai dai iyakarka gwiwa, da rana, inda mutanen gari suke. Kada ka hau duwatsun bayan ginin don hoto, kada ka juya wa ruwa baya. In masunta suka ce zo mu zaga da kai, in babu rigar ruwa ka ce na gode. Wannan alkawarin ka yi wa Umma shi tun a gida da bakinka, kafin ta roƙa.

Sallah kuwa kasaru za ka yi a hanya, kuma muddin ba ka yi niyyar zaman kwana huɗu a gari ɗaya ba, kana nan a matafiyi. Kifi ci iya cinka, da dokunun Fante, tuwon masarar nan da ake naɗewa a ganye, da barkono, amma nama ka bari sai a zango, don ana sayar da naman alade a gefen titi kuma a ido ba lallai ka bambance ba. Ruwa na leda ko na roba. Jakar kada ta wuce abin da za ka iya ɗora wa a cinya: kaya kala uku, ƙaramar darduma, silifas, tocila, cajar waya da batirin ajiya, maganin sauro. Duk zazzaɓin da ya kama ka, a can ko bayan ka dawo, ka je a gwada jini a ranar.

Idan ka kira Umma ta bidiyo daga can, ka tsaya a kan gadar da hantsi, ka juya mata wayar wajen jiragen da ke ɗaure da matan da ke cinikin kifi, ko ka kira ta daga ƙofar masallaci liman ya gaishe ta. Raƙuman ruwan da ke dukan duwatsu ka adana su a waya, ka nuna mata bayan ka dawo kana zaune a gabanta a kan tabarma.

Allah ya sa ta amince, ya kai ka lafiya ya dawo da kai lafiya. Ka gai da Yayan naka.

Kawunka.